Hedfon da amfilifaya: Abin da ke gyara sauti da abin da ke ɓata shi

A kasuwar Gujungu da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, wadda ke ci duk ranar Lahadi, ba a rasa masu baza kayan wayar salula: caja, da batir, da memori, da kuma iyafis kala-kala da ake ratayewa a jikin allo.

Tambayar da mai saye ya fi yi ita ce ko iyafis ɗin yana da ƙara. Ba safai ake tambayar ko sautinsa yana fita tas ba.

A wasu sassan duniya kuwa akwai masu sha'awar sauti da ke kashe maƙudan kuɗi a kan wannan tambaya ta biyu. A shekarar 2015 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da wani hedfon mai suna HE 1 tare da amfilifayarsa, a kan kuɗi kimanin yuro dubu 50.

To amma abin da injiniyoyin sauti suka tabbatar shi ne, ƙara daban, inganci daban. Akasarin gyare-gyaren da ke kawo bambanci na gaske ba su da tsada, kuma amfilifaya, wadda ita ce aka fi zuzutawa, ba kowane hedfon ne ke bukatarta ba.

Asali

A shekarar 1910 ne wani Ba'amurke ɗan jihar Utah mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera hedfon irin wanda aka sani a yau, a kan teburin ɗakin girkinsa, kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ya yi mata guda 100.

Sai a 1958 ne John Koss ya fitar da hedfon na sitiriyo domin sauraren kiɗa. A 1968 Sennheiser ya kawo samfurin HD 414 mai buɗaɗɗen baya, sannan a 1979 kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, wadda ta fito da hedfon daga ɗaki zuwa kan titi.

A arewacin Najeriya dai hanyar da ya biyo daban ce. Bayan shigowar wayar salula a 2001, ƙananan wayoyi masu rediyon FM sun bazu har ƙauyuka, kuma da yawansu ba sa kama tasha sai an sanya musu iyafis, domin igiyarsa ita ce eriya. Ke nan mutane da dama a Taura da Ringim da Jahun sun fara sanya abu a kunne ne domin su kama Rediyon Jigawa ko Freedom ta Dutse.

Yadda sauti ke fita

A cikin kowane kunne na akasarin hedfon akwai abubuwa uku: maganaɗisu, da siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, da kuma tantani da aka manne wa wannan naɗi.

Idan lantarki ya bi ta cikin naɗin, sai ya riƙa kai da komo a gaban maganaɗisun, tantanin ya girgiza iska, kamar yadda tantanin kalangu ke yi idan makaɗi ya buga shi. Aikin amfilifaya shi ne aikin hannun makaɗin: ta bugi tantanin da ƙarfin da ya dace, ta kuma tsayar da shi a lokacin da ya dace.

Wani abu da mutane kan manta shi ne duk wayar salular da ke da ramin iyafis tana da amfilifaya a cikinta, tare da wata 'yar na'ura da ake kira DAC, wadda ke mayar da lambobin da ke cikin fayil zuwa lantarkin sauti. Saboda haka batun ba na samun amfilifaya ba ne. Batun shi ne ko wadda ke cikin wayar ta isa.

Turjiya da sauƙin motsawa

Lambobi biyu ne ke ba da amsa, kuma ana rubuta su a jikin kwalin duk hedfon na kirki.

Ta farko ita ce turjiya, wato yadda hedfon ke tare lantarki, kuma ana auna ta da om. Manomin rani a fadamar kogin Haɗeja zai fi kowa saurin fahimtar wannan. Ƙarfin turi na injin ban ruwa shi ne bolt, ruwan da ke gudana shi ne lantarki, matsin mesa kuma shi ne turjiya. Idan mesa ta yi siranta, dole a sami injin da turinsa ya fi ƙarfi kafin ruwa ya isa kuyya.

Iyafis da hedfon da ake yi domin wayar salula yawanci suna tsakanin om 16 zuwa 32. Waɗanda ake yi domin situdiyo da masu sha'awar sauti kuwa kan kai om 250, ko 300, wasu har 600. Sennheiser HD 600, wanda aka fitar a 1997 kuma har yau ake kwatanta sauran hedfon da shi, om 300 ne.

Lissafin ba shi da wuya. Wayar da ke iya fitar da bolt 1 za ta bai wa hedfon mai om 32 ƙarfin miliwat 31, wato kashi 31 cikin dubu na wat guda. Ita dai wannan waya, idan aka sanya mata mai om 300, abin da za ta ba shi bai wuce miliwat 3 da ɗoriya ba. Kuma wayoyi da dama ko bolt ɗayan ba sa kaiwa.

Lamba ta biyu ita ce sauƙin motsawa, wato yawan ƙarar da hedfon ke bayarwa da ɗan lantarki kaɗan, kuma ana auna ta da desibel. Iyafis da yawa na fitar da sama da desibel 100 da miliwat 1 kacal. Irin waɗannan ba su da wata bukatar amfilifaya. Hasali ma, idan aka haɗa su da mai ƙarfi, abin da ake ƙara samu shi ne wani shuu da ke tashi a bayan sauti.

Dole ne dai a duba lambobin biyu tare, domin akwai wasu hedfon masu shimfiɗaɗɗen tantani da turjiyarsu ba ta da yawa, amma suna da nauyin motsawa, suna kuma shan lantarki.

Ga wanda kwalinsa ya ɓata, akwai gwaji na kunne. Idan an ƙure ƙarar waya amma sautin bai isa ba a ɗaki shiru, ko kuma yana shaƙewa duk lokacin da aka bugi babbar ganga, to ana bukatar amfilifaya. Idan kuwa a rabin ƙara ana jin komai, sayenta asarar kuɗi ne.

Wannan ya fi shafar masu sayen kayan hannu, musamman matasan da ke haɗa sauti a situdiyoyin Titin Gidan Zoo a Kano, ko masu shirya shirye-shiryen rediyo a Dutse. Alal misali hedfon ɗin Beyerdynamic DT 770 Pro da ake yawan gani a situdiyo yana zuwa iri uku, om 32, da 80, da 250, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne. Wanda ya ɗauki na 250 ya sanya a waya zai ɗauka jabu aka sayar masa, alhali kuwa wayar ce ta gaza.

Ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin fita. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ta wuce kashi 1 cikin 8 na turjiyar hedfon. Ke nan hedfon mai om 32 na son amfilifayar da turjiyarta ba ta haura om 4 ba. Idan ta haura, a wasu hedfon amo mai kauri kan kumbura ya lulluɓe muryar mai magana. Wannan ne ya sa ramin hedfon na wasu tsofaffin manyan rakodoji ba ya daɗi da iyafis na zamani.

Akwai kuma gangancin da ya kamata a ambata. Amfilifayar lasifika irin ta masallaci ko gidan biki tana fitar da wat goma-goma ko ɗaruruwa, shi kuwa hedfon kashi kaɗan cikin dubu na wat yake ci. Duk wanda ya haɗa hedfon da bakin da ake ɗaura wayar lasifika zai iya ƙona shi nan take, kuma idan yana kunnensa ne ɓarnar ba za ta tsaya a kan na'ura ba.

Ire-iren amfilifaya

Mafi ƙanƙanta ita ce 'yar guntuwar igiyar da ake sanyawa a ramin caja. Ta yaɗu ne bayan da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin kuma suka bi sahu, ko da yake da dama daga cikin wayoyin Tecno da Infinix da Itel da suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano sun riƙe nasu.

Mai kyau daga cikin waɗannan igiyoyi na ɗauke da DAC da amfilifaya a cikin kanta, kuma ta isa ga mafi yawan hedfon. Sai dai akwai masu kama da ita waɗanda babu komai a cikinsu sai waya, kuma ba a kowace salula suke aiki ba. Gara a gwada a gaban mai shago.

Daga nan sai masu batir da ake sakawa a aljihu, sai kuma na ɗorawa a kan tebur.

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai suna Chu Moy ya wallafa zanen wata ƙaramar amfilifaya a shafinsa na intanet mai suna HeadWize. Kayanta ba su wuce 'yan ƙananan sassa da batir mai bolt 9 ba, kuma masu haɗa ta kan sanya ta a cikin gwangwanin alewa. Ana kiranta CMoy, kuma duk mai gyaran rediyon da ya iya narka dalma da karanta zane zai iya haɗa ta.

Su kuwa masu kwalba, irin na tsofaffin rediyoyi, wasu na son su saboda taushin sautinsu. A ma'auni dai wannan taushi gurɓata ce da kunne ke jin daɗinta. Suna zafi, suna kuma cin wuta, abubuwa biyu da mazaunin Taura ba ya neman ƙari a kansu a watan Afrilu.

Matsalar wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Amfilifayar da aka yi domin Amurka kaɗai za ta ƙone idan aka sanya ta a soket ba tare da na'urar rage wuta ba, saboda haka wajibi ne a karanta rubutun da ke jikin cajarta.

A yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa wuta, wato Kano da Jigawa da Katsina, gidaje da shaguna da yawa sun dogara ne da janareta da sola. Ƙananan janaretoci da inbata masu araha ba sa bayar da wuta mai tsabta, kuma wannan kan fito a hedfon a matsayin gurnani ko zizar da ba ta yankewa. Cajar bogi ma tana yin haka.

Hanyar ganewa ita ce a zare caja yayin da ake saurare. Idan gurnanin ya ɗauke, laifin ba na hedfon ba ne. A irin wannan yanayi amfilifaya mai batir ta fi ta tebur amfani, ko da ta fi ta araha.

Abin da aka zuba a memori

Babu amfilifayar da za ta dawo da abin da babu shi a cikin fayil.

Faifan CD na ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Fayil ɗin MP3 mai kilobit 128 bai wuce kashi 1 cikin 11 na wannan ba, domin an zubar da sassan da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. A kilobit 256 ko 320, yawancin masu saurare ba sa iya bambance shi da CD idan ba a gaya musu wanda ake kunnawa ba.

Tura fayil daga waya zuwa waya ba ya rage masa komai, domin kwafi ne kawai. Inda ake samun asara shi ne wajen sauya shi: a ciro waƙa daga bidiyo, a matse ta domin memori ya ɗauki da yawa, wani ya karɓa ya sake matsewa. Haka nan karatu ko wa'azin da aka ɗauka ta hanyar kara waya a bakin lasifika, ya riga ya kwaso amsa-kuwar wurin tun daga tushe.

Abin mamakin shi ne hedfon mai kyau ya fi tona asirin irin wannan fayil. Tsohon kaset na Alhaji Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos da aka kwafa daga kwafi zai fito da duk shuu ɗinsa. Mai son jin kuntigi yadda yake, neman kwafi mafi kusa da na asali ya fi masa sayen sabuwar na'ura.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Abu na farko shi ne toshewa. Iyafis mai roba na zuwa da robobi ƙanana da matsakaita da manya, kuma idan robar ba ta cika ramin kunne ba, amo mai kauri zai zurare, sautin ya koma kamar na gwangwani. Sauya roba kaɗai kan kawo bambancin da ya fi na sauya amfilifaya.

A babban hedfon kuma sosan kunne ne ke wannan aiki. Zafin bazara, wanda a Jigawa kan haura digiri 40, da gumi, suna sa fatar roba ta riƙa ɓarewa, sosan ya kwanta. Idan ya kwanta, tazarar da ke tsakanin tantani da kunne ta sauya, sauti ma ya sauya. Wajen maye shi, soso mai rufin fata na ƙara kauri, mai rufin yadi kuma na sakin iska, yana kuma rage gumi.

Ƙurar hunturu da dauɗar kunne na toshe 'yar ragar da ke bakin iyafis, kuma wannan ne ya fi jawo kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Busasshen buroshi mai laushi ya wadatar. Allura ko tsinke na iya huda ragar su kai ga tantani.

Akwai masu wuce nan su buɗe hedfon su cusa auduga ko ƙyalle a bayan tantani domin kashe amsa-kuwa. Samfurin Fostex T50RP na Japan ya yi suna a wannan fage, har wasu ƙananan kamfanoni suka faro daga sayar da shi bayan sun gyara. Amma buɗewa na soke garanti, kuma wayoyin ciki sun kai gashi siranta.

Ikwalaiza

Kunnen matashi mai lafiya na jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000, wato girgiza 20 zuwa dubu 20 a daƙiƙa. Ikwalaiza na bayar da damar ɗaga wani sashe ko sauke shi.

Tun daga 2012, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka ƙarƙashin Dakta Sean Olive suka riƙa gwada mutane ba tare da sun san hedfon ɗin da ke kunnensu ba. Sun fitar da wani ma'auni da kusan kashi 2 cikin 3 na waɗanda aka gwada suka fi so, sauran kuma suka rabu tsakanin masu son ƙarin kauri da masu son ragi. Sun kuma gano cewa tsadar hedfon ba ta nuna kusancinsa da wannan ma'auni.

A yau akwai wani rumbu na kyauta a intanet mai suna AutoEQ da ke ɗauke da lambobin gyaran dubban samfura, ana kuma amfani da su ta manhajar Wavelet a wayar Android, ko Equalizer APO a kwamfuta. Sai dai iyafis marar suna, ko jabun da aka buga wa sunan wani kamfani, ba zai amfana da waɗannan lambobi ba.

Ga mai gyara da hannu, saukewa ta fi ɗagawa aminci, domin ɗagawa na sa sauti ya shaƙe idan ba a rage ƙarar gaba ɗaya ba. Mai sauraren labarai ko karatun Alƙur'ani zai fi jin haruffa idan ya ɗan sauke abin da ke ƙasa da haz 200, maimakon ƙure komai, domin fitar baƙaƙe ta fi dogara da sashen haz 1,000 zuwa 4,000 da abin da ya yi sama.

Game da igiyoyi masu tsada na azurfa ko zinare, da kuma da'awar cewa sai sabon hedfon ya yi ɗaruruwan sa'o'i yana kiɗa kafin ya nuna, gwaje-gwaje ba su nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Igiyar da ba ta tsinke ba, bakinta kuma bai yi tsatsa ba, ta isa.

Dalilin da ke sa mutane su rantse cewa sun ji bambanci sananne ne. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka sun nuna cewa kunne ya fi jin amo mai kauri idan ƙara ta ƙaru. Saboda haka idan aka gwada na'urori biyu, wadda ta ɗan fi ƙara za ta zama kamar ta fi kyau. Masu shago sun san wannan ko da ba su taɓa jin sunan Fletcher ba. Gwaji na adalci shi ne a daidaita ƙarar biyun, wani ya riƙa sauyawa ba tare da mai saurare yana gani ba.

Lafiyar kunne

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa matasa biliyan 1.1, masu shekaru 12 zuwa 35, na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. A 2019 hukumar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ga baligi, desibel 75 ga yara.

Lokacin yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato. Duk ƙarin desibel 3 na rage shi da rabi. A desibel 90 sa'o'i 4 ne a mako, a desibel 100 kuwa kimanin minti 20 ne. Iyafis na kasuwa na iya kai wannan mataki da wayar salula kaɗai, balle an ƙara masa amfilifaya. Hukumar na ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura.

Hayaniya ce ke tura mutane su wuce wannan iyaka. Fasinja a motar haya kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, ko mai zama kusa da janareta ko injin niƙa, kan ɗaga ƙara domin ya danne ta waje. Hedfon mai rufaffen baya, ko mai kashe hayaniya, na ba shi damar ji a ƙasa da haka, ko da yake haɗari ne ga mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi.

A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin dubu 16, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa. Alamar farko ita ce ƙugi ko dushewar ji bayan an cire hedfon. Ana iya auna ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko kuma a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Raunin da ƙara ke haddasawa yakan fara ne daga wajen haz 4,000, kusa da inda baƙaƙe irin su s da sh da ts suke. Shi ya sa mai shi kan daɗe bai gane ba: yana jin murya sarai idan su biyu ne a ɗaki, amma a kasuwa ko a majalisa sai ya riƙa neman a maimaita masa magana.